Memorin da ya cinye min rabin kamu

Shekara ta tara ke nan ina ɗaukar hoton biki a garin nan na Kaduna, kuma sau ɗaya na taɓa tsayawa gaban uwar amarya bakina ya mutu. Kamu aka yi a Unguwan Rimi, ranar wata Alhamis. Na yi aikina lafiya lau, na koma gida Tudun Wada, na zura memori a kwamfuta. Hotunan farko suka buɗe. Daga inda aka fara fesa wa amarya turare har zuwa tashi, babu ko ɗaya. Sunayensu na nan a jere, amma kowanne na danna sai a ce ya lalace.

Memorin nan a intanet na saye shi. An rubuta SanDisk a jikinsa, giga 128, kwali mai sheƙi, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Ni da ɗokina har biyu na saya. Ashe jabu ne, kamfanin bai ma san da zamansa ba. Yadda suke yi, sai su ɗauki ƙaramin memori su sauya masa lissafi, ya riƙa gaya wa kyamara cewa shi babba ne. Kyamara ta yi ta zuba masa hoto, shi kuma da cikinsa na gaskiya ya cika, sauran duk iska. Daga baya na gwada ɗayan da manhajar H2testw, wadda take cika memori taf sannan ta karanta abin da ta zuba. Ko giga 16 bai cika ba. Mai sayarwar kuwa, lambarsa ta daina shiga.

Washegari Juma'a akwai ɗaurin aure da dina, sai na yi sammako wajen Alhajin da nake sayen kaya a hannunsa, can wajen titin Ahmadu Bello. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Ya juya memorin a hannu, ya kankare takardar da farce, ya ce, "Malam, ai araha ba ta ado. Me ya hana ka tambaye ni?" Na ce, "Alhaji, kuɗinka ne ya yi yawa." Ya yi dariya, ya miƙo min guda biyu na gaske, ya ce in biya bayan biki.

Kuma fa kuɗinsa da yawa, ban janye ba. Gilashin kyamara na Canon 50mm f/1.8 STM, wanda kusan kowane mai hoto da shi ya fara, dala 125 aka sa masa da ya fito a 2015. In ka lissafa da canjin ranar ka je wajen Alhaji, sai ka ga ya ɗora abin da zai sa ka yi tsaki. Na daɗe ina jin haushin wannan, har sai da na gwada yin oda da kaina daga Amurka. Lokacin bankunanmu sun rufe sayayyar waje da katin naira, dole na nemi mai dala. Ga kuɗin jirgi, ga na kwastam, ga jiran sati uku ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ana cikin haka gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke bayarwa wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Da kayan suka iso na buga lissafi, ribar tawa ba ta wuce kuɗin man mashin ba. Garantin ma na ƙasar da aka sayo ne, in abu ya lalace sai dai ka mayar da shi can.

Inda shago ya fi yi min amfani shi ne kayan hannu, don yawancinmu da su muke aiki. Kyamarata 5D Mark III ce, ƙirar 2012, kuma a kan teburin Alhaji na zauna da ita kusan awa guda kafin na biya. Na duba yawan harbin da ta taɓa yi, wato sau nawa ta ɗauki hoto, tunda Canon ta ƙiyasta wa wannan ƙirar 150,000. Na ɗauki farin bango na ƙara girman hoton ina neman ɗigon datti. Na cire gilashin na haska shi da tocilar waya ta baya, saboda daminar Kaduna tana sa fumfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo, in kuwa ta ci gilashi an gama. Duk wannan ba ya yiwuwa da mutumin da ke Ikeja yana turo maka bidiyo a WhatsApp, yana cewa ka tura kuɗi ya sa maka a mota ka karɓa a Mando.

In hunturu ya shigo, ƙura ta cika cikin kyamara, yaron shagon ne ke share min, kuma tunda a nan na saya ba ya karɓar ko sisi. Sau biyu filasha ta mutu min ana gobe aiki, Alhaji ya ara min filasharsa ta gwaji ƙirar Godox.

Ban daina sayayya a intanet ba. Murfin gilashi, maɗauri, jaka, zoben da ke haɗa tsohon gilashin EF da sababbin kyamarorin RF, irin waɗannan in ka tambaya a nan sai a ce maka "sai an sauke kaya", kuma saukewar tana iya kai wata biyu. Su nakan yi oda, don ko sun zo a karye ba su hana ni aiki. Batir da memori kuwa, ko kyauta ne ba na so.

Uwar amaryar nan, da na gama kame-kame, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Allah ya kiyaye gaba." Na mayar mata da rabin kuɗin, ta ƙi karɓa. Sai da na bi ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya ina roƙon hotunan da suka ɗauka a waya, na gyara goma sha ɗaya na cusa a albam. Memorin yana nan a aljihun jakata, na naɗe shi da jan salatif don kar wata rana cikin sauri in sake zura shi.