Daga Milton Keynes Zuwa Newcastle: Wa Ke Biyan Kuɗin Yankan Ciyawa?

Daga tashar Euston ta Landan zuwa Milton Keynes tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa ɗaya ba. Da nan na fara, domin duk inda masu kula da lambunan shaƙatawa na Ingila suka taru ana maganar kuɗi, sai sunan garin ya fito.

Tushen matsalar a doka yake. An wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila kula da tsofaffi da yara marasa galihu, da kwashe shara, har da buɗe laburare. Lambun shaƙatawa ba ya cikin wajibai. Da gwamnatin tsakiya ta fara zaftare tallafin da take ba su daga 2010, inda doka ba ta tsare ba nan wuƙa ta fi ci. A 2017 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi gargaɗin cewa lambunan sun kusa kai inda gyara zai yi wuya, amma bai nemi a wajabta kula da su ba. A 2023 hukumar Birmingham ta sanar cewa ba ta iya daidaita kasafinta, ta dakatar da duk sabon kashe kuɗin da ba dole ba.

Milton Keynes ta tsira saboda an yi mata lissafi tun da wuri. A 1992, da za a rushe hukumar da ta gina garin, sai aka kafa gidauniyar Parks Trust, aka ba ta hayar filayen na shekara 999, aka haɗa mata da kadarori na kusan fam miliyan 20, shaguna da ofisoshi. Tsarin kamar waƙafi ne: ba a taɓa uwar dukiya, kuɗin haya da ribar jari ake ci. Da su ake kula da kusan eka 6,000, ba a jiran kasafin ƙaramar hukuma. Na taka daga tsakiyar gari na bi ta lambun Campbell na gangara tafkin Willen, wanda aka haƙa don ya riƙe ambaliyar kogin Ouzel. A gangaren Campbell tumaki ne ke kiwo, su ne injin yankan ciyawar wurin. Abin da na fi dubawa shi ne bakin magudanan ruwa, kuma a buɗe na same su.

Mai son sanin lafiyar lambu ya bar kallon furanni, ya duba magudana. Da kaka ganye ke zuba ya toshe ramukan da ke gefen hanya. In ba a kwashe ba, ruwa ya kwanta ya shiga ƙarƙashin kwalta, da hunturu ya daskare ya kumbura, kwaltar ta tsage. Aikin mutum biyu da shebur da aka fasa bana, shi ke komawa kwangilar sake shimfiɗa hanya nan da 'yan shekaru. Ga kuma wanda zai yi tuntuɓe ya kai ƙara.

Daga nan na yi arewa zuwa Liverpool, na sauya zuwa ƙaramin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin kogin Mersey, na sauka a tashar Birkenhead Park. An buɗe wannan lambu a 1847, Joseph Paxton ne ya tsara shi, kuma ana lissafa shi cikin na farko a duniya da hukumar gari ta gina da kuɗin jama'a. Dabarar magina ta burge ni: sun sayi fili mai fadama, suka janye ruwan, suka haƙa tafkuna, sannan suka yanka filaye a kewaye suka sayar wa masu gina gidaje, don darajar da lambun ya ƙara wa unguwar ta taimaka wajen biyan kuɗinsa. Frederick Law Olmsted ya zo daga Amurka ya gan shi a 1850, shi ne daga baya ya tsara Central Park na New York tare da Calvert Vaux. A shekarun 2000 an yi wa Birkenhead babban gyara, da gudunmawar asusun cacar ƙasa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kuɗin lambu iri biyu ne, na gini da na gudanarwa. Na gini yana samuwa: asusun caca yana bayarwa, magina gidaje ma suna biya a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990. Da shi ake sabunta gada, a kafa lilo, a yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin mai gadi da man injin da wanke ban-ɗaki kuwa daga kasafin shekara suke fitowa, kuma shi ake zaftarewa. Ba wanda ke son sunansa a jikin takardar biyan kuɗin kwashe shara.

A wani ƙaramin lambu da na ratsa a hanya, wanda ba sai na kama suna ba, na ga ƙarfen lilo a tsaye babu sarƙa babu mazauni. Ba ɓarayi ba ne. Kayan wasan yara ana leƙa su akai-akai, galibi duk mako, a yi musu gwajin sosai duk wata ɗaya zuwa uku, sannan ƙwararre daga waje ya zo sau ɗaya a shekara. In ya rubuta cewa sarƙa ta cinye, zaɓi biyu ne, a sauya ko a cire, kuma cirewa ba ta cin ko kwabo. Haka ciyawa. Ana rage yawan yanka a ce an bar wa ƙudan zuma, wani lokaci da gaske ne. Sai dai filin furannin daji yana son a yanke shi a ƙarshen lokacin zafi a kwashe abin da aka yanka. In aka bar shi ya ruɓe a wurin, ƙasa ta yi taki, ciyawa mai kauri ta danne furannin. Injin kwashewa da motar ɗauka kuɗi ne, don haka wanda ya shiga tsarin don tsimi kawai yakan ƙare da jeji. Sabon dashen itace ma yana neman kusan lita 50 na ruwa duk mako a lokacin zafi, har shekara biyu ko uku. Kuɗin dashen ana samu, na ban-ruwan ne ba a rubutawa.

Kare filin daga sayarwa wani aiki ne daban. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ce kafin a sayar da filin jama'a sai an buga sanarwa a jaridar yankin mako biyu a jere, a saurari masu ƙorafi. Saurare kawai, ba dole a bi ba. Shi ya sa a 2021 hukumar Liverpool ta yi alkawarin ɗaure lambunanta 100 da yarjejeniyar doka tare da ƙungiyar Fields in Trust, wadda aka kafa a 1925. Takardar tana hana gini ko sayarwa ba da yardar ƙungiyar ba. Ba ta yanka ciyawa dai.

Jirgin Newcastle yana ratsa tsaunukan Pennine ta Manchester da Leeds. Na je ne don na ga inda aka gwada hanyar Milton Keynes ba tare da dukiyarta ba. Kasafin lambunan birnin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, sai a 2019 hukumar ta miƙa lambuna 33 da filayen noman haya fiye da 60 ga sabuwar gidauniya, Urban Green Newcastle, da tallafin fam miliyan 9.5 na shekara goma, da fatan kafin nan ta tsaya da ƙafarta ta hanyar shagunan shayi da ajiye motoci da bukukuwa. A 2025 hukumar ta karɓe kayanta. A ganina lissafin ne tun farko bai tashi ba. Wuri irin Jesmond Dene, kwarin da Lord Armstrong ya ba birnin kyauta a 1883, cike yake da gadoji da katangun dutse da manyan itatuwa a kan gangare. Duba itace ɗaya mai haɗari da sare shi da igiya a irin wannan wuri aikin ƙwararru ne, ga cutar da ke kashe itatuwan ash tun da aka tabbatar da ita a Birtaniya a 2012. Ribar kofin shayi ba ta ɗaukar wannan kaya.

Da na dawo Landan na sauka King's Cross na wuce Finsbury Park, inda aka ɗauki ɗaya hanyar, wato haya ga masu kiɗa. A 2014 aka fara kawo bikin kiɗa na Wireless nan. Maƙwabta sun kai hukumar Haringey, mai kula da lambun, ƙara a kan bikin, kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukumar gaskiya a 2017. Kuɗi na shigowa, amma a lissafa da kyau. Manyan motoci suna danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, saiwar itace ta shaƙe, don haka sai an shimfiɗa faranti a hanyar mota, an killace gindin kowane itace, an karɓi kuɗin ajiya daga mai biki kafin ya kafa rumfa. Bayan an tashi a huda ƙasa da inji, a zuba yashi, a sake shuka iri, a killace wurin makonni. Duk wannan a tsakiyar lokacin zafi, daidai lokacin da mazauna benaye marasa tsakar gida suka fi bukatar filin. A Brockwell Park da ke kudancin birnin, Babbar Kotu ta yanke a 2025 cewa hukumar Lambeth, mai kula da wurin, ta yi kuskure da ta ɗauka bukukuwan sun shiga cikin kwana 28 da doka ta yarda a yi ba da izinin tsara gari ba, domin kwanakin kafa dandamali da na kwance shi ma a cikin lissafi suke.