Godiya bayan kwana 23 a asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya aka sallamo mu, yaron wajena ya shigo gida da ƙafarsa.

Waɗanda suka yi ta kira ban samu sukunin ɗauka ba, ku gafarce ni, ga yadda aka yi. Da ciwon maƙogwaro ya fara, irin wanda kowa ke yi da hunturu. Muka sayo magani a kemis, ya ɗan lafa. Bayan mako guda sai ga zazzaɓi da rawar ɗari, muka zaci na cizon sauro ne. Sai da gefen wuyansa na dama ya kumbura, ya kasa waiwaye, numfashi ya fara sarƙe masa, sannan muka garzaya asibiti. Jinkirin nan har yau yana ci mini rai.

Hoton wuya ya nuna jini ya daskare a babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya. Likitar da ta karɓe mu, yarinya ce sa'ar 'yata, ta ce mini: "Baba, gudajin jini a wannan jijiya ba ya zuwa haka kawai." Galibi, in ji ta, robar da ake zura wa majinyaci a wuya ce ke haddasa shi, ko ciwon daji, ko jini mai saurin daskarewa, ko ƙwayar cuta. Daren da muka kwana jiran sakamakon binciken daji, Allah kaɗai ya san halin da mahaifiyarsa ta shiga. Ashe ƙwayar cuta ce ta ratso daga maƙogwaro ta kama jijiyar, ɓurɓushin gudajin har ya kai huhu. Cutar Lemierre ake ce mata, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninta a 1936, kuma ta fi kama matasa masu ƙoshin lafiya. Likita, tambayar da kika yi ta maimaitawa, "yaushe maƙogwaron ya fara?", ita Allah ya yi sanadi da ita. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan magabatanki.

Malaman jinya da ba su taɓa tsallake lokacin allura ba ko da tsakar dare, abokansa uku da suka ba da jini, jama'ar masallacin unguwa da suka haɗa gudummawa ba tare da na buɗe baki ba, da maƙwabciyarmu da ta riƙe mana ƙannensa: Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Da sauran makonni yana shan maganin kashe ƙwayar cutar da na tsinka jini. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe yana barci. A ci gaba da sa shi a addu'a.