Zani, Siket da Wandon da Ya Kamata Mace Ta Fara Mallaka

A yawancin gidajen Bauchi, idan aka buɗe akwatin mace ko sif ɗinta, abin da za a tarar shi ne atamfofi da lesuka a jere, kusan kowanne da labarin bikin da aka yi ankonsa. Duk da wannan tarin kaya, da yawanmu mukan tsaya da safe muna jujjuya su, mu rasa wanda za mu saka mu tafi wurin aiki, ko makaranta, ko dubiya asibiti. Dalilin shi ne kusan duk abin da muka ɗinka riga da siket ne na atamfa ɗaya, waɗanda ba sa rabuwa da juna. Siket ɗin ba ya shiga da kowace riga sai tasa, kuma ranar da rigar ta matse ko ta yage a hammata, shi ma ya tashi daga aiki ko da bai tsufa ba. A ganina, kafin mace ta ƙara shiga wani anko, ya kamata ta fara tanadar kayan ƙasa 'yan kaɗan, wato zani da siket da wando, masu launi ɗaya da kyawun yadi, waɗanda za su karɓi kowace riga da kowane mayafi.

Kafin in saya ko in ɗinka kowane irin kayan ƙasa, nakan tambayi kaina ko zan iya yin salla da shi, in yi ruku'u da sujada da zaman tahiya ba tare da ina jan sa ko ina fargabar ɗinki ya ɓalle ba. Nakan kuma duba ko zan iya shiga Keke Napep da shi, ko in tsallake kwata a bakin Kasuwar Wunti, ba tare da na tattare shi zuwa gwiwa ba. Sannan sai batun zafi, domin duk wadda ta san Bauchi daga watan Maris zuwa Mayu ta san cewa akwai ranakun da zafi kan kai digiri 40, kuma a irin wannan rana yadin roba azaba ne komai kyawunsa a ido. Duk tufar da ta kasa waɗannan, ta ado ce ta wuni ɗaya, kuma ba ita ya kamata ta fara cin kuɗin mace ba.

Zani shi ne farko, kuma ina mamakin yadda wasu 'yan mata yanzu suke kallonsa a matsayin kayan tsofaffi. Yadi biyu ne kawai daga cikin yadi shida na turmin atamfa, ba ya buƙatar zif, ba ya buƙatar awo, aikin tela a kansa bai wuce kalmasa baki da sa masa igiya ba. Idan mace ta yi ƙiba zai ɗauke ta, idan ta rame zai ɗauke ta, haka nan da juna biyu da lokacin jego, abin da babu siket ɗin da zai iya. Ya kamata a raba na gida da na fita. Na gida shi ne mai laushi wanda ya sha wanki, na girki da shara da goyo, kuma shi ba ya buƙatar tsada. Na fita kuwa a zaɓi mai ƙananan zane da launi mai sanyi, wanda za a iya ɗora masa farar riga ko baƙa a fita ba tare da an nemi rigarsa ta asali ba. Wadda take tsoron kada zani ya kwance mata a hanya, ta sa tela ya yi masa igiya mai faɗi a gefe biyu, ko ya mayar da shi siket mai kamar zani, wanda ke da maɓalli a ciki amma shafinsa yana rufe gaba kamar an ɗaura.

Ingancin atamfar kuma shi ne ke nuna ko zanin zai yi shekaru ko zai koɗe kafin wata salla. Wadda muke kira Holan, ta kamfanin Vlisco ce da aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, kuma har yau ita ce uwa a kan farashi da riƙe launi. A da akwai masaƙunmu na Kaduna, irin su KTL da ta fara aiki a 1957 da UNTL da ta biyo baya a 1964, waɗanda suka tufatar da iyayenmu da atamfar auduga mai ƙarko, kuma audugar Gombe na cikin wadda ta ciyar da irin waɗannan masaƙu, har ma akwai unguwa a can da ake kira BCGA da sunan kamfanin audugar Turawa. Yawancin masaƙun sun durƙushe, kuma mafi yawan abin da ke zuwa mana daga Kantin Kwari a yanzu na Sin ne, wani mai kyau, wani kuma an cakuɗa shi da roba an cika shi da sitati don ya yi ƙyalli a shago. Hanya mafi sauƙi ta gane mai kyau ita ce a juya bayanta. Atamfa ta ainihi launinta kusan ɗaya ne gaba da baya, ita kuwa ta bugun sama bayanta yakan yi fari-fari. Idan mai shago ya yarda, a jiƙa ɗan gefe a murza da farin ƙyalle, za a ga ko tana zuba.

Tare da zani akwai fatari, ko andasiket kamar yadda aka fi kira yanzu. Ba a ganinsa, shi ya sa ake raina shi, amma shi ne ke hana siket mai shara-shara nuna ƙafafu idan mace ta tsaya a bakin ƙofa rana tana bayanta, kuma shi ne ke shan zufa kafin ta taɓa leshi mai tsada. A sami baƙi ɗaya da mai ruwan madara ɗaya, na auduga, kuma tsawonsu ya gaza na siket da kamar inci biyu don kada ya leƙo.

Sai siket mai launi ɗaya, wanda a wurina shi ne abin da ya fi kowane rashi a akwatunanmu. Ɗinkin da na fi ba da shawara shi ne wanda ya kama ƙugu daidai sannan ya riƙa buɗewa a hankali har ƙasa, siffar harafin A, wanda mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da sunansa a Faris a 1955. Ya dace da kusan kowane irin jiki, ba ya fitar da surar mace, kuma yana ba ƙafa damar yin cikakken taku. Tsawonsa ya tsaya a idon sawu. Na san ana sha'awar wanda ke jan ƙasa, amma wadda ta taɓa bin layukan Gwallameji ko Yelwa da ƙafa a watan Agusta ta san yadda bakin siket ke komawa bayan ruwan sama, ga kuma batun tsarki ga mai son yin salla da kayan jikinta. A zaɓi yadi mai ɗan nauyi wanda yake zuba ƙasa da kansa kuma ba ya yamutsewa da zama ɗaya, domin a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, siket ɗin da sai an goge shi kowace safiya zai ƙare ne a ƙasan akwati.

Kowa zai ce a fara da baƙi, kuma gaskiya ne baƙi yana shiga da komai. Sai dai baƙi yana da aibi biyu a nan: yana jan zafin rana, sannan da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana kwanciya a kansa ta nuna kanta tun kafin a isa inda za a je. Saboda haka na biyun ya zama ruwan ƙasa, ko ruwan toka, ko shuɗi mai duhu. Ruwan ƙasa musamman yana ɓoye ƙura, kuma yana karɓar yawancin rigunan atamfa, tun da da wuya a sami atamfar da ba ta da ɗigon ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan goro a jikinta. Da waɗannan siket biyu kaɗai, rigunan ankon nan da siket ɗinsu ya matse ko ya lalace duk za su dawo aiki.

Miƙaƙƙen siket, wanda ake kira fensir, yana da kyau ga ma'aikaciyar banki ko ofis, amma matsalarsa tsaga ce. Idan babu tsaga ba a iya tafiya, idan kuma an yi ta, telolinmu sukan kai ta har bayan gwiwa. Mafita ita ce a ce wa tela ya yi ninki a baya maimakon buɗaɗɗiyar tsaga, yadda idan an yi taku zai buɗe amma yadi ne zai bayyana a ciki. A kuma faɗa masa ƙarara: "Malam, don Allah a bar mini inci ɗaya a kowane gefe daga ciki, kada a yanke." Wannan rarar ita ce za ta ceci siket ɗin ranar da jiki ya ƙaru. Shi kuwa siket mai yanka shida da ke matse cinya ya baje a ƙasa, na biki ne, yana cin yadi, kuma duk muna da shi fiye da buƙata.

Batun wando yana da 'yar sarƙaƙiya a wurinmu, domin akwai gidajen da har yanzu ba a yarda mace ta fita da shi ba, kuma ba ni da niyyar yi wa kowa gardama a kan tarbiyyar gidansu. Abin da na sani shi ne a ƙarƙashin abaya ko doguwar riga ko dogon hijabi, wando ya fi siket suturta mace, musamman mai hawa acaɓa ko mai doguwar tafiya a mota zuwa Jos ko Kano. Wanda ya fi amfani shi ne falazo, mai faɗin ƙafa wanda idan mace ta tsaya ba a bambanta shi da siket. Iska tana shiga, ana zama da shi a tabarma ba tare da takura ba, kuma idan an ɗinka shi da yadi mai launi ɗaya yana tafiya da riga mai tsawo zuwa gwiwa. A lura da abu biyu wajen ɗinkinsa. Tsakiyar wandon kada ta yi gajarta, domin nan ne yake fara yagewa, sannan ƙugun ya zama rabi roba a baya, gaba kuma a shafe, don kada ya tattare ya ƙara wa ciki girma.

Matsattsen wandon nan mai talewa da ake sakawa a ciki shi ma yana da gurbinsa, amma gurbin nasa ciki ne. Zaren da ke sa shi talewa, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958, ba ya shan zufa, don haka idan ya yi yawa a yadin, wuni guda da shi a lokacin bazara kan jawo ƙaiƙayi da ƙurajen zafi. A duba takardar da ke jikin ƙugunsa, a zaɓi wanda audugarsa ta rinjaya sosai. Da hunturu kuwa babu kamarsa a ƙarƙashin zani, musamman ga mai fita da sassafe.

Jins asalinsa kayan aikin ƙarfi ne na maza, wanda Levi Strauss da Jacob Davis suka yi wa rajista a Amurka a 1873, kuma nauyinsa har yau na aikin ƙarfi ne. Ga ɗalibar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke zirga-zirga tsakanin harabobinta na Yelwa da Gubi, guda ɗaya mai sakin ƙafa da duhun launi ya isa, domin yana jure dauɗa kuma ba ya son guga. Ga matar da yawancin fitarta biki ne da suna da ofis, ba na ganin dole ne ta mallake shi. Wadda kuma za ta tafi bautar ƙasa, ta sani cewa wandon kaki yana jiranta a sansanin horo, irin na Wailo da ke jihar Bauchi, ko ta saba ko ba ta saba ba, kuma da wuya wanda za a ba ta ya zo daidai jikinta, don haka ta riƙe kuɗin gyara a hannu.

Ba lallai ne duk waɗannan su zama sababbi ba. Gwanjo yakan fi sabon kanti ingancin yadi a siket da wando, in dai an iya zaɓe. A ɗaga shi sama a kalli rana ta cikinsa don a ga inda ya sille, a duba tsakanin cinyoyin wando, a ja robar ƙugu a ga ko tana komawa, a zuge zif sama da ƙasa. Kada a dogara da lambar da ke jiki, domin lamba 12 ta Ingila ita ce kusan lamba 8 ta Amurka, kuma dila ɗaya takan haɗo kayan ƙasashe daban-daban. Gara mace ta auna ƙugunta da faɗin mazaunanta da tsawonta daga ƙugu zuwa idon sawu, ta rubuta, ta saka tef ɗin awo a jaka. Idan an kawo gida a wanke shi sosai a shanya a rana kafin a saka.

Sabon yadin auduga kuma a jiƙa shi ya bushe kafin a kai wa tela, saboda yakan ɗan tsuke a wankin farko, kuma siket ɗin da aka yanka daidai idon sawu zai iya komawa ƙwauri. Masu duhun launi a juya cikinsu waje wajen wanki, a shanya su a inuwa, domin ranar Bauchi tana cin baƙi ta mayar da shi ja-ja cikin 'yan watanni. Dutsen guga mai zafi sosai kada ya taɓa robar ƙugu. Game da lokacin kai ɗinki, a guji watan azumi da makonnin da ke gaban Babbar Salla, lokacin da teloli ke kwana a shago suna yanka cikin gaggawa, yara masu koyo kuma su ne ke haɗawa. Bayan Babbar Salla da kamar mako biyu shaguna sukan yi sauƙi, kuma a lokacin ne tela zai zauna ya auna ki da kyau, ya kuma yarda ki dawo ki gwada kafin ya kalmashe ƙasan.