Mako na uku da rauta: adireshi tukuna, sannan doka

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Ga inda aka kwana.

Makon jiya, a kan rautar gida, wato na'urar da ke raba intanet, na rubuta dokar hana kyamarar tsaro fita intanet, na ɗaura ta a kan adireshin kyamarar, 192.168.1.104. Komai ya tafi lafiya lau, har na cire kyamarar daga wuta na kwana biyu. Da na mayar da ita, sai ga ta tana fita waje abinta, kwamfutar aikina kuma ko shafi ɗaya ta kasa buɗewa. Ashe lambar ce ta sauya hannu. DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, aro take bayarwa, kuma a OpenWrt, tsarin rautar da nake amfani da shi, wa'adin aron awa 12 ne idan ba ka taɓa saitin ba. Wa'adi na cika, tana iya miƙa lambar ga wanda ya zo nema, doka kuwa lambar ta sani, ba ruwanta da wanda ke riƙe da ita.

Sai na koma tushe. A tsarin /24, inda lambar ƙarshe ta adireshi kaɗai ke canzawa, adireshi 254 ake da su. Na bar 100 zuwa 249 ga wayoyi da masu zuwa su wuce, kamar yadda na tarar, na ware 2 zuwa 49 ga kyamara da firinta da duk abin da zan rubuta wa doka, kowanne na ƙulla shi da lambarsa ta MAC, wato lambar shaidar na'urar. Ku lura da wayoyi: tun daga Android 10 da iOS 14 suna nuna MAC na wucin gadi, don haka na kashe wannan saitin a kan layin gida kaɗai.

Abin da ya fi ci mini lokaci shi ne layin baƙi. Katangar tsaro, sashen rautar da ke tace abin da zai wuce, daga sama take karanta dokoki zuwa ƙasa, ta farko da ta dace ita ke yanke hukunci. Ni kuwa na sa dokar hana baƙi taɓa rautar a can sama. Na zuba wa kwamfutar gwaji ido, tana ta neman adireshi, daga ƙarshe ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254, alamar ba wanda ya amsa mata. Da na buɗe ƙofa ta 67 ta UDP (wata hanyar aika saƙo) domin DHCP, da ta 53 domin DNS mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, na ɗora dokokinsu saman dokar hanin, nan take ta haɗu.

Yanzu kafin in taɓa kowace doka sai na ajiye kwafin saitin. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, IPv6, sabon tsarin adireshi, zan sa a gaba, don dokar kyamarar nan tsohon tsarin IPv4 kawai ta tsare.