Amanar Wanda Ya Faɗi a Gefenka

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ana taruwa a Abuja da manyan biranen jihohi, har da nan Kano, domin tunawa da sojojin da suka rasu a bakin aiki. Shugabanni sukan ajiye furanni, a busa begila, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru, bayan an riga an gabatar da addu'o'i a masallatan Juma'a da majami'u. An zaɓi wannan rana ce saboda a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bayan an fara shi a Yulin 1967, alhali a da ranar 11 ga Nuwamba ake yin taron kamar yadda aka gada daga Turawan Ingila. Mu 'yan mazan jiya mukan goge takalma, mu maƙala lambobinmu a ƙirji, mu halarta, kuma ba na raina wannan taro ko kaɗan. Sai dai ina so ƙannena da 'ya'yana masu sanye da kaki a yau su lura cewa taron hukuma yana tuna mamata ne a dunƙule. Shi kuwa wanda ya faɗi a gefenka yana da suna, yana da uwa, mai yiwuwa kuma akwai bashin da ake bin sa, kuma duk waɗannan suna rataye ne a wuyan wanda ya gan shi a ƙarshe. Na daɗe ina ɗauke da irin wannan amana ban sauke ba, kuma jinkirina ya tauye haƙƙin mutanen da ba su yi mini laifin komai ba.

Ta Dafo na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, na shiga soja, na zauna a barikin Bukavu da ke nan Kano, sannan na kasance cikin waɗanda aka tura Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da ta fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990. A Oktoban 1992 ne mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka auka wa birnin da nufin ƙwace shi gaba ɗaya, aka yi ta gwabzawa a unguwannin bayan gari da cikin fadamun da suka kewaye shi, kuma a wannan gumurzu muka rasa mutane da dama. Cikinsu akwai wani kofur, mutumin wani ƙauye a gabashin Kano, wanda muke kwana a rami ɗaya, muke cin abinci a kwano ɗaya. Kafin a fita da mu a ranar da ajalinsa ya zo, ya miƙo mini agogonsa da 'yan kuɗin da ke aljihunsa, ya ce idan Allah ya yi masa cikawa in kai wa mahaifiyarsa, in kuma sanar da ita cewa wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana bin sa kuɗin kayan da ya karɓa lokacin sunan ɗansa. Na amsa masa da wasa, na ce shi ne zai kai da hannunsa.

Kuskurena na farko ya riga wannan rana da daɗewa. A bariki da laƙabi muke kiran juna, ko da sunan gari, ko da lambobin ƙarshe na lambar aiki, kuma 'yan Arewa da yawa sun shiga soja ne da sunan garinsu a madadin sunan uba. Saboda haka mutumin da na san irin minsharinsa da irin addu'ar da yake yi idan harbi ya yi tsanani, ban san cikakken sunan mahaifinsa ba, ban san unguwarsu a ƙauyen ba, ban kuma tambaye shi sunan mai atamfar ko layin da rumfarsa take ba. Muna ganin yin irin wannan tambaya kamar kiran mutuwa ne. Ku kada ku ɗauke ta haka. Kowane soja ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta cikakken sunan duk wanda ke sashensa, da sunan uba, da gari, da unguwa, da lambar wayar mutum biyu na gidansu, kuma ya bar kwafi a gida, domin waya tana faɗawa ruwa, tana kuma ɓata tare da mai ita.

Kuskure na biyu shi ne mafi nauyi. Na dawo Kano lafiya, ƙauyensu kuma bai fi tafiyar safe a dawo da yamma ba, amma ban je ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa sai na huta, sai an biya mu haƙƙinmu in ƙara wani abu a kan nasa, sai bayan damina. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Tsoron idon tsohuwa nake yi, da tambayar da na tabbata tana cikin zuciyarta ko da ba za ta furta ba, wato yaya aka yi na dawo shi bai dawo ba. Ana cikin haka aka canja mini wurin aiki, daga baya kuma aka tura mu Saliyo, inda muka ga abin da ya faru lokacin da 'yan tawaye suka kutsa babban birnin ƙasar a ranar 6 ga Janairun 1999, sababbin mamata suka hau kan tsofaffi a zuciyata, agogon kuwa yana ƙasan akwatina. Duk lokacin da na buɗe akwatin sai in kawar da kai.

Sa'ad da na daure na je, bayan shekaru masu yawa, mahaifiyar ta rasu. Matarsa ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma tun tuni, ta yi wani aure a wani gari, yaron da aka ci bashin atamfa saboda sunansa kuma ya zama saurayi a hannun baffansa. Baffan nan ne ya gaya mini abin da har yau nake istigfari a kansa. Ya ce takardar sanarwa ta iso musu, amma tsohuwa ba ta taɓa yarda da ita ba, tun da ba a kawo gawa ba, kuma babu wanda ya zo ya ce da idonsa ya gani. Duk lokacin da aka ji labarin an dawo da sojoji daga Laberiya, sai ta sayar da kaza ko ɗan akuya ta ba wani kuɗin mota, ya zo ƙofar bariki ya tambaya ko ɗanta yana ciki. A haka ta rayu, a haka ta rasu. Ni kuwa ina cikin garin da ake aiko mutumin, ina riƙe da maganar da za ta ba ta damar yin kuka sau ɗaya ta fawwala wa Allah. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma babu takardar ofis da za ta yi aikin da ƙafar abokin mamaci za ta yi.

Game da bashin, ku sani al'amarin ya wuce kunya tsakanin mutum da mutum. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Na bi layukan Kantin Kwari ina tambaya ba tare da suna ba, 'yan kasuwa suna tausaya mini suna girgiza kai, domin rumfuna sun sauya hannu, dattawan wancan lokaci kuma da yawa sun kwanta dama. A ƙarshe wani malami ya ba ni shawarar in ƙiyasta kuɗin da darajar yau, in bayar sadaka da niyyar ladan ya tafi ga mai haƙƙin. Na yi hakan, amma da na tashi a watan da na dawo, da hannu da hannu zan biya mutumin, in karɓo yafiyarsa in kai wa tsohuwa.

Idan Allah ya ɗora wa ɗayanku irin wannan, ya je da wuri, kuma kada ya je shi kaɗai. Ya nemi dattijo ya raka shi, su yi sallama a zaure, su fara gaisawa da mazan gidan, sannan su nemi izinin shiga wurin uwa. Ya durƙusa ya ce, “Inna, ni ne muke tare da shi, ina wurin sa'ad da Allah ya karɓi abinsa.” Ya faɗi ranar da wurin, ya faɗi ko an yi masa salla da waɗanda suka yi, da inda aka binne shi idan an binne, idan kuma ba a samu ɗauko gawar ba ya faɗi haka a fili cikin ladabi. Kada ya siffanta rauni, domin uwa ba ta bukatar wannan hoto a idonta har ƙarshen ranta. Haka kuma kada tausayi ya sa shi yin ƙarya. Idan bai ji kalmar shahada a bakin mamacin ba, kada ya ce ya ji. Yana iya shaidar abin da ya sani, kamar cewa mutumin ya yi sallar Asuba a ranar, ko cewa bai taɓa ganin ya ci zalin farar hula ba, kuma irin wannan shaida ta ishi iyaye abin riƙewa.

Ina jaddada batun gaskiya ne domin a nan ma na yi tuntuɓe. A shekarun da na kasa zuwa gidansu, ban kasa ba da labarinsa a majalisar unguwa ba. Ana shan shayi, matasa sun kewaye ni, sai in ɗauko ranar rasuwarsa, kowane karo ina ƙara mata gishiri, ina ƙara wa kaina jarunta, har labarin ya zama nawa, shi kuma ya koma ɗan rakiya a ciki. Ranar da ɗansa ya zauna a gabana ya ce, “Baba, ka gaya mini yadda mahaifina yake,” sai na tarar dole in tsaya in tace abin da ya faru daga abin da na ƙara. Mutuwar abokin aiki ba kayan hira ba ce. A wannan zamani kuma fitinar ta ƙaru, domin kowa yana da waya mai kyamara, kuma mun sha jin matar soja ta fara ganin gawar mijinta a Facebook ko WhatsApp kafin kowa ya sanar da ita. Wanda ya ɗauki hoton gawar ɗan'uwansa ya watsa, ko da sunan neman addu'a ne, ya ci amanarsa.

Akwai kuma batun takardar magaji, wato takardar da soja ke rubuta sunan wanda za a miƙa wa haƙƙinsa idan ya rasu, wadda kurtu yake cikewa tun yana Dafo. Yawancinmu a lokacin ba mu da aure, sai mu rubuta uba ko wa, sannan mu yi aure mu haifi 'ya'ya mu manta da takardar. Ni kaina na bar sunan wana a kai har 'ya'yana suka shiga makaranta, kuma da na mutu a Saliyo, da matata sai ta bi ta hannunsa kafin ta ga ko kwabo. Na ga gidajen da wannan ya raba, an fitar da mace da marayu daga ɗakin bariki, kuɗi kuma ya tsaya a hannun wanda sunansa ke kan takarda yana ganin nasa ne. A shari'ar Musulunci wanda aka rubuta ɗin mai karɓa ne kawai, dukiyar kuwa gado ce da za a raba wa magada bisa ƙa'ida. Ku sabunta takardar duk lokacin da aka yi aure ko haihuwa ko rasuwa, ku rubuta wasiyya da jerin basussukanku, ku sanar da matanku lambar aikinku da sunan bataliyarku.

Kada kuma ku taƙaita wannan amana ga Musulmi. Cikin waɗanda suka ɗauke mu a kafaɗa muna zubar da jini akwai Tibi da Birom da Yarabawa da Ibo. Akwai wani saje Kirista da iyalinsa ke zaune a Sabon Gari, na yi ta jan ƙafa wajen zuwa domin ban san abin da ake faɗi a ta'aziyyarsu ba. Da na je sai na ga babu abin da ake bukata illa in zauna, in ce su yi haƙuri, in amsa tambayoyin matarsa, waɗanda ba su bambanta da na kowace Bahaushiya ba.

Ku kuma da ba sojoji ba, musamman 'ya'ya da jikokin waɗanda ba su dawo ba, ku yi tambaya tun masu amsawa suna raye. Muna yara akwai tsofaffin da suka yi yaƙin Boma a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, muna ganinsu a Fagge suna gadi, muna yi musu dariya idan suka fara ambaton sunayen dazuzzuka da kogunan da ba mu sani ba. Sun tafi da sunayen abokansu, abin da ya rage mana shi ne sunayen barikoki, kamar Chindit a Zariya, da Arakan da Myohaung a Legas, kamar yadda Bukavu ɗin nan namu yake ɗauke da sunan wani gari a Kwango, ƙasar da sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a cikinta tsakanin 1960 da 1964. Mazan yaƙin basasa sun yi ƙaranci ƙwarai, mu na Laberiya da Saliyo kuma furfura ta rufe mu, ga kuma matasan da suke faɗuwa a Borno da Yobe da dazuzzukan Zamfara suna barin nasu marayun. Duk wanda mahaifinsa ya rasu a fagen daga, ya nemo lambar aikinsa da sunan bataliyarsa da shekarar da aka tura shi, ya je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ko wurin da tsofaffin sojoji ke taruwa lokacin tantance masu fansho, ya tambayi wanda ya yi aiki a wannan bataliya a wannan shekara. Idan wanda ya fara samu bai san mahaifin nasa ba, ya roƙe shi sunan wani da lambar wayarsa, ya ci gaba da bi.