Yaya na so a ƙara musu hatsi

Laraba, bayan tatsar yamma.

Da safe komai lafiya lau. An gyara fankar da ta ishe mu da ƙara, 'yar maraƙar nan kuma ta yarda ta sha a bokiti ba tare da kokawa ba.

Rana na take tsaka sai ga Yaya da littafin awon madara a hannu. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ka ga yadda madara ta faɗi kuwa?"

"Na gani, Yaya."

"To me kake jira? Shanun sun rage ci saboda zafin nan. Ka janye ciyawa ka ƙara musu hatsi, ɗan abin da suka ci ya zama mai ƙarfi."

Maganarsa ba shirme ba ce, shi ya sa ma ta dame ni. Tumbin saniya murhu ne a cikinta, kuma narkar da ciyawa mai ƙarfi ya fi hatsi tayar da zafi, don haka ita da kanta take guje wa ciyawa idan gari ya ɗau zafi. Sai dai na ja shi wajen saniyarmu Mai-tabo. Tana tsaye, baki buɗe, harshe waje, miyau na dalala har ƙasa. Na ƙirga numfashinta a gabansa, ya haura 80 a minti, alhali daga 60 ma an san saniya ta fara wahala.

Na ce masa miyan nan da yake zuba a ƙasa shi ne maganin tsamin tumbi, don akwai bikabonet a cikinsa. Saniyar da ke haki ba ta kwanciya ta yi tuƙa, miyan kuma ba ya komawa ciki. Idan ka loda mata hatsi a wannan hali tumbi zai yi tsami. Zawo ya kama ta, maiƙon madara ya ragu, bayan 'yan makonni kuma ka ga ana ɗingishi, kofato ya lalace, kana ta mamakin daga ina.

Ya ce, "Kai dai da karatunka."

Na yi shiru, sannan na ƙara masa ɗaya. Masu bincike sun gwada sun ga rage cin abinci shi ke jawo kamar rabin faɗuwar madara kawai. Sauran rabin kuwa, jikin ne ke karkatar da sukari wajen fama da zafi maimakon hantsa. Ko ɗura za ka yi mata, madarar ba za ta dawo duka ba sai ka sanyaya ta. Kuma abin da ya gani a littafi yau aikin zafin shekaranjiya ne, domin madara kan biyo bayan zafi da kwana ɗaya ko biyu.

Ai ba zaune nake ba, ya sani. Mafi yawan abincin na mayar da shi yamma lis da kuma kafin gari ya waye. Wanda ya jima a kwami yakan ɗau ɗumi ya fara wari, ba sa taɓawa, sai a kwashe. Kowace tana samun soda, wato bikabonet ɗin nan mai maganin tsamin tumbi, giram 150 zuwa 200 a rana. Na sa a ƙara sinadarin fotasiyam a haɗin abincin, saboda shi saniya ke zubarwa a gumi. Ruwa kuwa ba a magana: kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma mai yawan madara kan sha fiye da lita 100 ko ba a irin wannan yanayi ba. Na ce idan ƙarfi yake so a ƙara, a sa ɗan mai, shi ba ya tayar da zafi sosai, muddin bai wuce kashi 6 zuwa 7 na busasshen abincin ba.

Ya rufe littafin. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Lokacin Baba ba a duk wannan tarairayar. Kuma asarar ba a aljihunka take ba."

Ta farkon ba ta dame ni ba. Shanun Baba ba Holstein ba ne, wato shanun Turai masu yawan madara irin namu, saniyar da ke ba da lita 30 kuma zafin da jikinta ke haifarwa ya fi na wadda ke ba da 10 nesa ba kusa ba. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Wa ke tashi da tsakar dare ya tura musu abinci gabansu? Wa ke wanke kwamin ruwa idan ya yi gansakuka? Na so in faɗa, na haɗiye. Babba ne.

Tatsar yamma ba yabo ba fallasa. Mai-tabo ta ci kaɗan da rana ta faɗi. Abincina ya huce, ban ma kula ba.

Gobe mai kawo mana abinci zai zo. Ko Yaya ya riga ya kira shi ya ƙara yawan hatsi, ban tambaya ba. Idan buhunan suka sauka fiye da yadda aka saba, za mu sake zama.