Kwaikwayo daban, kwashe daban

Shekara bakwai ke nan ina gina wa mutane shafukan intanet, kuma babu maganar da na fi ji kamar wannan: "Ga wani shafi na gani, irinsa nake so sak." Da na ji "sak" ɗin nan sai in gyara zama.

Kwanakin baya wata abokiyar aikina ta turo mini adireshin wani shafi, ta ce in duba. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Hotunan da na ɗauka ne, da rubutun gabatarwar da na kwana biyu ina gogewa. Na leƙa fayil ɗin CSS, wato wanda ke tsara kamannin shafi, sai ga 'yar tunatarwar da na rubuta wa kaina, "a rage faɗin nan a waya", tana nan daram. Wanda ya kwashe aikin ko share ta bai yi ba.

Doka fa ba ta hana kowa ɗaukar dabara. Ka sa tambari a sama ta hagu, ka jera zaɓuɓɓuka a layi ɗaya, ka raba shafi gida uku, duk wannan na kowa ne. A shari'ar kamfanonin manhaja Lotus da Borland ta 1995, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce jerin umarnin manhaja hanyar sarrafa ta ce kawai, haƙƙin mallaka bai hau kansa ba. Ni ma da kallon aikin na gaba na koyi sana'ar nan.

Amma rubutu da hoto da zanen tambari da lambobin manhaja (code) da mutum ya zauna ya tsara, suna da mai su tun ranar da ya ajiye su. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ƙasashe sama da 180 kuma suka shiga, ba ta ce sai ka yi rajista ba. Rashin alamar © a ƙasan shafi ba izini ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, ga WordPress nan, manhajar gina shafuka, da dubban tsare-tsare a ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa izinin amfani, an ce ɗauki, gyara, yi amfani. Me ya kai shi ga nawa?

Na rubuta wa mai shafin sau biyu, shiru. Da na gano kamfanin da ke ɗauke da shafin a Amurka yake, sai na aika musu takardar ƙorafi bisa DMCA, dokar Amurka ta 1998 mai kare haƙƙin mallaka a intanet, suka sauke shi. Mai shafin nake tausayi har yanzu. Wataƙila kuɗinsa ya biya wani ya gina masa, bai san kayan wani aka damƙa masa ba.